Ka Ce Waya Waya Ce?

Malam mai gida, ɗan ajiye wayar hannun nan ka ɗaga kai sama. A'a, ba hadari na ce ka duba ba, turken wutar ƙofar gidanka nake nufi. Ka ga inda wayar da ta sauko gidanka ta haɗu da ta layi? Ka ga ƙullin nan da aka murɗe da filaya, aka naɗe da baƙin salatif, wutsiyarsa tana reto a iska? To a kansa za mu yi rigima yau. Ka gyara zama, don ba na jin za ka sha.

Ka ce me ya haɗa ka da ƙulli, kai da matsalarka 'yan NEPA ce? Da ma na san za a rina, wai an saci zanin mahaukaciya. Ai mutumin Gauraka ko tuntuɓe ya yi a duhu, NEPA zai ambata. Baiwar Allah nan tun 2005 aka sauya mata suna zuwa PHCN, a watan Nuwamban 2013 kuma aka miƙa rabon wutar Abuja da Neja da Kogi da Nasarawa ga kamfanin AEDC, amma har gobe marigayiya kake tsine wa. Ban zo wanke kowa ba. Ranar da unguwa duka ta yi ɗif, daga bakin titi har cikin lungu, ka ɗaga murya ka ce ina amfanin zama a jihar da ke da madatsun Kainji da Shiroro da Zungeru, ni ma zan taya ka. Amma idan gidan maƙwabcinka tar yake da haske, fankarsa tana gudu, kai kuwa ƙwan ɗakinka sai ƙyafta ido yake duk lokacin da iska ta kaɗa, to ka bar Shiroro ta huta. Ɓarawonka yana rataye a saman kanka, cikin salatif.

Ka ce waya waya ce, duk wuta suke ɗauka? Haba Alhaji! Kai da ko goro ba ka saye sai ka tambaya ɗan ina ne? Je ka wajen 'yan gwangwan ka miƙa musu jar waya da farar waya ka ce su biya ka kuɗi ɗaya, ka ga irin kallon da za su yi maka. Wadda ke shimfiɗe a kan turaku fara ce, alminiyam. Wadda aka ja cikin bangon gidanka, in mai wayarin ya ji tsoron Allah, ja ce, jan ƙarfe. Kuma ba rowa ce ta sa kamfani amfani da fara ba. In kaurinsu ɗaya, farar tana ɗaukar kusan kashi 61 cikin 100 na abin da jar ke ɗauka, amma nauyinta bai kai sulusin na jar ba, ga kuma sauƙin kuɗi. Sai a ɗan ƙara mata kauri, a rataya, turke ya ɗauka ba tare da ya sunkuya ba. Kowace da ranarta. Abin da ya rage shi ne dole su haɗu a wani wuri: ko a saman turke, ko a bakin mita, ko a katawut, ko a wajen canjin layin jannareta. Kishiyoyi ne, Malam. Kowace a ɗakinta, gida lafiya lau. Kai kuwa ka tura su ɗaki guda ka ja ƙofa, ka tafi majalisa kana cewa an daidaita.

Ka ce ƙarfe ba ya faɗa da ƙarfe? To saurari abin da ke gudana cikin ƙullin nan. Duk inda ƙarfe iri biyu suka taɓa juna, ruwa mai ɗan gishiri-gishiri ya shiga tsakaninsu, batir aka haɗa. Ba zolaya a nan. Da haka aka ƙirƙiro batir tun asali: a shekarar 1800 wani Ba'italiye, Alessandro Volta, ya jera fayafayen tutiya da na jan ƙarfe, ya sa ƙyalle jiƙe da ruwan gishiri a tsakani, wuta ta fito. Kafin shi ɗan ƙasarsu Luigi Galvani ya ga ƙafar mataccen kwaɗo tana harbawa in an taɓa ta da ƙarfe iri biyu. A kowane irin wannan haɗi, ɗaya daga cikin ƙarafan ne ke narkewa a hankali don ɗayan ya zauna lafiya, kuma tsakanin ja da fara, farar ce kullum ke biyan kuɗin shayi. Wato kai, ba tare da ka shiga aji ba, ka gina ɗakin gwajin kimiyya a ƙofar gidanka. Barka da ƙoƙari. Sai dai batirin naka ba ya cajin ko tocila, aikinsa ɗaya ne: cin wayarka dare da rana.

In kana musu, ranar da mai gyara ya yanko tsohon ƙulli ka karɓa ka warware salatif ɗin a tafin hannunka. Za ka ga wani farin gari yana zuba, jar wayar ta yi kore-kore, silin farar kuma sun yi rami-rami sun sirance, wasu ka taɓa su da farce su karye. Salatif ɗin kansa ya ƙandare, gefe guda ya narke ya manne. Gani ya kori ji.

Ka ce alminiyam ba ya tsatsa, ga tukunyar Hajiya nan tun ta aure? Madalla, yau ka kawo hujja mai ɗan nauyi, har na so in tafa maka. To amma ka san abin da ya tsare tukunyar? Da zarar alminiyam ya sha iska, nan take yake yi wa kansa wata fata siririya wadda ido ba ya gani, ita ke hana tsatsa ci gaba. Ga tukunya, wannan fata alheri ce. Ga waya kuwa masifa ce, don wuta ba ta ratsa ta. Ka ga kenan tun ranar da aka murɗa ƙullin, kafin ɗigon ruwa ya sauka, wutar ta 'yan ƙananan wuraren da murɗar filaya ta fasa fatar kaɗai take bi. Ana kukan targaɗe sai ga karaya: ruwa ya zo, jan ƙarfe yana gefe, cin ya fara daga waɗannan 'yan wuraren. Kuma a gaya wa Hajiya, tukunyarta ba ta kwana rungume da jan ƙarfe a cikin ruwan sama ba, shi ya sa take taƙama.

Ka ce ruwan sama ai ba gishiri a cikinsa, nan ba Legas ba ce? Gaskiya ne, daga Gauraka ba a hango teku, Dutsen Zuma ne iyakar abin da Allah ya ba mu. Amma wa ya gaya maka ruwan wanke yake isa cikin ƙullin? Duk tsawon hunturu ƙura tana shiga tana kwanciya. Tireloli da tankokin da ke bin hanyar Abuja zuwa Kaduna ba dare ba rana suna ƙara mata hayaƙi. Tsuntsaye su sauka su bar tasu gudummawar. Sai damina ta kama daga wajen Afrilu har Oktoba, ruwa ya jiƙa wannan kwaɓin, ya narkar da abin da ke ciki. Ko ba ruwan sama, raɓar asuba ta isa. Ba ya buƙatar bokiti, laima kawai yake nema.

Ka ce ai shi ya sa aka naɗe da salatif? Wayyo, salatif! Maganin kowace cuta, abokin kowane mai gyara! Rana ta Suleja ta gasa shi wata biyu, gam ɗinsa ya saki, baki ya buɗe ta sama. Ruwa ya shiga ta nan, ƙasa kuma a rufe, ba hanyar fita. Ƙullin da ke tsirara ma yakan bushe in rana ta fito, naka kuwa ka ɗinka masa 'yar jaka yana jiƙe har sati. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kai kuma har shimfiɗa ka yi masa.

Ka ce shekara da shekaru yana aiki, bai taɓa ba ka matsala ba? Uhm. Wanda ya ci bashi ma haka yake cewa kafin ranar biya. Bari mu yi ɗan lissafi, kada ka gudu. Haɗi mai kyau kusan ba ya tare wuta ko kaɗan. Wanda ya ci tsatsa kuwa turjiya yake yi mata, turjiya kuma zafi take haifarwa. A ce turjiyar ƙullinka ta kai rabin om kacal, gidanka kuma yana jan amfiya 30 da magariba, an kunna firji da famfon ruwa da dutsen guga. Wannan ɗan ƙulli zai riƙa fitar da zafin wat 450, kusan rabin na dutsen gugar kansa, a wurin da bai fi babban yatsanka ba. Zai kuma haɗiye bolt 15 kafin wutar ta shigo gida. Shi ne ka ji kana cewa yau wutar ba ƙarfi. In haɗin yana bayan mita ne, to har kuɗin wannan zafin kai ke biya. Katinka na ƙarewa kana ɗumama wa ƙadangaru wurin kwana.

Kuma zafin ba tsayawa yake nan ba. Ƙarfe in ya ji zafi buɗewa yake, in ya huce ya koma, sai dai ba tare suke tafiya ba: inda jar ta buɗe da 17, farar da 23 take buɗewa. Ga farar da taushi, in an matse ta sai ta riƙa lotsawa a hankali, ba ta dawowa yadda take. Kowace magariba a buɗe, kowace asuba a tsuke, haɗin yana ƙara sakwarkwacewa. Ya saki, iska da ruwa su ƙara shiga. Su shiga, tsatsa ta ƙaru. Ta ƙaru, zafi ya ƙaru. Haka za a yi ta yi har daren da yara za su fito kallon tartsatsi a kan turke suna murna.

Ka ce in ta tsinke sai a sake ɗaurawa, mene ne a ciki? Ka yi addu'a mai wutar ce ta tsinke, sai ka kwana a duhu kawai. In kuwa nitiral ce ta saki, a gidan da aka ja wa layi uku ko a layin da kuke tarayya da maƙwabta, labari ya sha bamban. Wutar da ya kamata ta tsaya a bolt 230 sai ta rikice: wani ɗaki ƙwai ya dushe, wani ɗaki ya yi haske kamar zai fashe, don can tana iya haurawa ta doshi 400. Cikin ƙiftawar ido talabijin ya yi hayaƙi, firji ya yi shiru, cajojin gidan duka su bi sahu. Washegari ka zauna a majalisa kana girgiza kai, wai tsautsayi ba ya wuce ranarsa, wani ma ya rage murya ya ce ko hannun maƙiya ne, a nemi malam. Maƙiyin nan dai da kuɗinka ka ɗauko shi, ka riƙe masa tsani, ka ce ya yi sauri za ka fita.

Ka ce wannan duk iyayin 'yan boko ne, Turawa ne da tsirfa? Ai Turawan ba a littafi suka tsinta ba, wuya suka sha. A 1761 rundunar ruwan Birtaniya ta lulluɓe cikin wani jirgin yaƙi mai suna Alarm da fallayen jan ƙarfe don tsutsar ruwa ta daina cin katako, aka kafe da ƙusoshin baƙin ƙarfe. Da aka duba a 1763, ƙusoshin sun cinye, fallaye suna ɓallewa. Waɗanda suka tsira su ne inda 'yar takardar naɗin fallen ta maƙale tsakanin ƙusa da jan ƙarfe. Takarda fa, Malam! Abin da ya raba su shi ya cece su. Mutum-mutumin 'yancin nan da Faransa ta ba Amurka, wanda aka buɗe a 1886, fatarsa jan ƙarfe ce, haƙarƙarinsa baƙin ƙarfe. Abin da aka sa tsakani ya lalace, laima ta shiga, sai da aka yi aikin gyara daga 1984 zuwa 1986, aka sauya sanduna kusan 1,800 da ƙarfe marar tsatsa. Sannan daga wajen 1965 zuwa 1973, da jan ƙarfe ya yi tsada, Amurkawa suka yi ta wayarin gidaje da farar waya. Daga baya binciken hukumarsu ta kare masu sayen kaya ya nuna gidajen da aka yi wa aiki da irin farar wayar kafin 1972 sun fi na jar waya yiwuwar samun haɗin da ya kai matakin tada gobara har sau 55. Su da ke da motar kashe gobara a kowace unguwa suka ji tsoro. Kai da bokiti biyu da rijiyar maƙwabci kake ƙirji.

Ka ce to na ji, sai a yi yaya, a daina shan wuta? Ashe dai kana saurare. Maganin ba wuya: kada ja ta taɓa fara kai tsaye. Akwai mahaɗin da aka ƙera don wannan aiki, rabinsa fari rabinsa ja, an haɗe su sun zama ɗaya tun a masana'anta, ba kafar da ruwa zai shiga. Fara ta shiga ɓangaren fari, ja ta shiga ɓangaren ja. Akwai mai noti na kan layi, akwai mai kan zobe da ake matsewa a bakin waya a ɗaura a mita ko katawut, akwai kuma wanda aka yi wa rufin kuza, an rubuta a jikinsa cewa ya dace da duka biyun. Ga wayar layi mai riga akwai mai haƙora da ke huda rigar ya kama, notinsa ya tsinke da kansa in matsin ya kai. Ka tambaya wajen masu kayan wuta a Suleja ko Dei-Dei. In mai shago ya ce duk ɗaya ne, ka gaishe shi ka wuce gaba.

Sannan akwai ladubban aikin. A kankare farar da buroshin waya, a shafa mata man haɗi nan take kafin fatar ta dawo. A ɗora fara a sama, ja a ƙasa, domin ruwan da ya wanko jan ƙarfe in ya zuba kan alminiyam cinsa yake. In aka juya, an rage ɓarnar. A ɗaure noti daidai, kada ya yi sako-sako, kada kuma a murɗe har farar ta lotse. A lanƙwasa wayar ta ɗan yi ciki ƙasa kafin ta shiga gida ko akwatin mita, ruwa ya bi ya ɗige a waje. Sai a rufe da robar da ke tsukewa in ta ji zafi, ko tef ɗin da ke narkewa ya haɗe da kansa. Bayan nan in kana kewar baƙin salatif ɗinka, a naɗa a sama don ado.

Ka ce mai ai mai ne, akwai baƙin mai a garejin ƙaninka, akwai basilin a ɗakin Hajiya? Innalillahi! Waya ce ko kaushin ƙafa? Man haɗi daban yake: ba ya tsiyayewa in rana ta buɗe, ba ya cin rigar waya, kuma da yawansa akwai ɓarɓashin tutiya a ciki da ke huda fatar nan in an matse. Baƙin mai kuwa dattin inji ne, kwana kaɗan ya zube ya bar maka ƙura.

Ka ce kai ka huta, sola ka saka? Zo nan, ba ka tsira ba. Firam ɗin farantin sola alminiyam ne, wayar da ake ɗaura masa ta sauka ƙasa jar waya ce, ga su a kan kwano, ruwa da rana duk nasu. Sai an sa mahaɗi mai rufin kuza ko na ƙarfe marar tsatsa a tsakani. Haka ramin da ake binne sandar ƙasa a zuba gawayi da gishiri: gishirin nan da ke taimakon wuta ta bi ƙasa shi ne kuma ke cin maɗaurin, musamman in sandar ja ce maɗaurin wani ƙarfe daban. A riƙa buɗewa ana dubawa. Kai mai taƙamar gidanka duk jar waya ce, ka taɓa kankare bakinta da wuƙa? Akwai farar waya mai wankin ja a kasuwa, ka kankara ka ga fari fat a ciki, ka ɗaga naɗin ka ji shi sakayau. Araha ba ta ado.

Ka ce kuɗi? Na san nan za mu ƙare. Mahaɗin nan da mansa da ladan mai aiki, duka ba su kai kuɗin gyaran firji ɗaya ba, balle sabon talabijin, balle rufin ɗaki. Kai ne fa ka sayi sitabilaiza ka ɗora a kan wayar da ke ci da wuta a waje.

Ka ce shi ke nan, bari ka ɗauko tsani? Kai! Sauko! Wa ya aike ka? Duk surutun nan ban yi don a yi maka zaman makoki ba. Abin da ke kan turke har zuwa mita hurumin kamfani ne, rahoto za ka kai ofishinsu, kuma ka nace. Abin da ke cikin gida na ƙwararren mai wayarin ne, irin wanda ke da shaidar hukumar NEMSA, wadda tun 2015 doka ta ɗora wa duba ayyukan wuta a ƙasar nan, ba yaron da jarinsa filaya da ƙarfin hali ba. Kuma kada ka yarda da cewa an ɗauke wuta, ba a sallama kafin a dawo da ita, ga jannaretan maƙwabci da ke iya turo tasa cikin layi.

Naka aikin ido ne da hanci da baki. In wuta tana rawa lokacin iska, ko kana jin tsit-tsit a kan turke da dare, ko warin roba a wajen mita, ko wani ƙwai yana ƙara haske sa'ad da wani ke dushewa, kashe babban makunni ka kira masu aikin a ranar. In mai gyara ya zo, tambaye shi abu uku: ina mahaɗin ja da fara, ina man haɗi, wacce za ka ɗora a sama? In ya amsa, ba shi aiki ka biya shi da kyau. In ya yi dariya ya zaro salatif ya ce haka muka saba, ba shi kuɗin mota ya koma. Ba a fafe gora ranar tafiya, Malam: a duba ƙullin nan tun da rani, kafin ruwan farko ya sauka.